Yadda Za Ka Ziyarci Nanjie, Ƙauyen da Ya Ƙi Barin Tsarin Gurguzu a Ƙasar Sin

Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa sauka Guangzhou ko Yiwu ya san ƙasar Sin ta ciniki: a taya, a rage, a cika kwantena. Amma can tsakiyar ƙasar, a lardin Henan, akwai ƙauyen da ake kira Nanjie, inda babu mai gonar kansa, kuma gidan da mutum yake kwana, har kujerar da yake zama a kai, mallakar jama'a ne. Na yi karatu a Zhengzhou, babban birnin lardin, yanzu kuma ina yi wa 'yan kasuwa tafinta. Idan hira ta kawo mu kan Nanjie, wasu su ce ƙarya ce, wasu su ce ai aljannar duniya ke nan. Abin da nake gaya musu shi ne su ware kwana biyu su je. Wurin ya cancanci a gan shi. Sai dai wanda ya shiga ba tare da sanin wa ke ci, wa ke aiki, kuma kuɗin wa aka yi ginin da su ba, zai fito da hotuna ne kawai.

Abin da za ka sani kafin ka sayi tikiti

A dokar Sin har gobe ƙasar noma ta karkara ba ta mutum ɗaya ba ce, ta jama'ar ƙauye ce. Abin da ya sauya shi ne wanda ke noma ta. Daga 1958 aka haɗa manoma cikin manyan gungu na gwamnati, a yi aiki tare a raba amfani tare. A ƙarshen 1978 wasu manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka dangwala yatsa a ɓoye, suka raba gonakin gida-gida saboda yunwa ta ishe su. Cikin 'yan shekaru sai gwamnati ta mai da abin da suka yi tsarin ƙasa baki ɗaya.

Nanjie ma ya bi sahu a 1981. An raba gonaki, an ba wasu mutane hayar masana'antu biyu da ƙauyen ke da su, wato wurin gasa bulo da injin niƙan alkama. Labarin da mutanen ƙauyen ke bayarwa shi ne masu hayar sun azurta, ma'aikata ba su ga albashi ba, gonaki kuma suka koma saura domin masu su sun tafi neman kuɗi. A 1984 shugabannin ƙauyen suka karɓe masana'antun. Daga 1986 suka fara karɓar gonakin, da alkawarin duk gidan da ya mayar da tasa za a riƙa ba shi gari, kuma zuwa 1990 duk sun dawo hannun jama'a. Mutumin da ya ja wannan tafiya shi ne Wang Hongbin, sakataren jam'iyyar kwaminis na ƙauyen tun 1977. A can ba a cika kiran sunansa ba, Banzhang suke ce masa, wato shugaban tawaga.

Ka riƙe wani abu kuma, domin ba za a gaya maka shi a wurin yawon buɗe ido ba. Henan na cikin lardunan da tsarin gungun ya fi yi wa illa. Gungu na farko a ƙasar an kafa shi ne a Chayashan, a gundumar Suiping, kudu da Nanjie ba da nisa sosai ba. A yunwar da ta biyo baya, tsakanin 1959 da 1961, yankin Xinyang na kudancin lardin kaɗai ya rasa mutane wajen miliyan ɗaya. Tsofaffin da za ka gani zaune a inuwa a Nanjie sun rayu a wancan zamani ko sun ji daga bakin iyayensu. Da sanin hakan suka yarda suka mayar da gonakinsu, kuma wannan ne ya sa nake ɗaukar zaɓinsu da nauyi, ba na yi masa kallon wasan kwaikwayo.

Hanya, masauki da abin da za ka ci

Nanjie yana manne da garin Linying, ƙarƙashin birnin Luohe, tsakanin Xuchang da Luohe. Kada ka sa ran ƙauye mai nisa da titi. A ƙafa ma za ka iya shiga daga cikin garin. Daga Guangzhou ka hau jirgin ƙasa mai sauri na layin Beijing ka sauka a tashar Luohe ta Yamma, daga nan tasi zuwa Linying. Daga Zhengzhou kuwa tafiyar jirgin ba ta kai awa ɗaya ba. Tikiti ana sayensa a manhajar hukumar jiragen ƙasa mai suna 12306 da lambar fasfo, kuma fasfon ne tikitinka a ƙofar shiga. Ka haɗa katinka na banki da manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat tun kana babban birni, domin masu tasi da masu abinci ba su cika riƙe canji ba.

Maganar otal kuwa, ka sa wani mai jin Sinanci ya buga waya ya tabbatar suna karɓar baƙon waje kafin ka biya. Doka ta ce a yi wa baƙo rajista da 'yan sanda, ƙananan masaukai da yawa a gundumomi ba su saba yi ba, sai su ce babu ɗaki. Ni na fi son ka kwana a Linying ko a cikin Nanjie ɗin, saboda rabin abin da ka zo gani da sassafe yake faruwa.

Ga Musulmi akwai gargaɗi da albishir. Gargaɗin: Luohe nan ne hedikwatar Shuanghui, kamfanin sarrafa naman alade mafi girma a ƙasar, don haka duk wani tsiran leda ko romon da ba ka san asalinsa ba, ka bar shi. Albishir ɗin: a cikin mutanen Nanjie akwai 'yan ƙabilar Hui, Musulmi, kuma ƙauyen yana da masallaci. Kalmar da za ka riƙa tambaya a wurin abinci ita ce qingzhen, wato halal. Ka sa a rubuta maka ita da haruffansu a wayarka. Da safe ka nemi hulatang na Musulmi, romo ne mai kauri da yaji da naman saniya ko na tunkiya, da rana kuma huimian, taliya mai faɗi cikin romon rago.

Lokaci mafi kyau a wurina shi ne ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin girbin alkama, ko Satumba lokacin masara. Ka guji makon farko na Oktoba da bikin sabuwar shekararsu, tikiti wuya yake yi. Hunturun Henan kuma ba irin namu ba ne, har ƙashi yake shiga.

Ka fara da dandali, amma kada ka daɗe

Bayan ƙarfe shida na safe da kaɗan lasifikoki za su ɗauki waƙoƙin zamanin Mao Zedong, shugaban da ya kafa gwamnatin kwaminis a ƙasar, haka da rana, haka da yamma lokacin tashi daga aiki. Ka fito ka tsaya bakin titi ka ga masu tafiya masana'anta. Daga nan ka nufi babban dandalin, inda farin mutum-mutumin Mao yake tsaye, wanda aka kafa a 1993, shekarar cikarsa ɗari da haihuwa. Kewaye da shi manyan hotunan jagororin gurguzu ne, Marx da Engels da Lenin da Stalin. A nan ake yin bikin auren matasan ƙauyen a haɗe, a aurar da su rana ɗaya. Ba wanda zai ce ka rusuna. Ka tsaya da ladabi, ka ɗauki hoto, ka wuce.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne shiru. Tituna masu faɗi, a share tas, ba masu talla, ba allunan tallan kaya, sai rubuce-rubucen taken jam'iyya a bango. Biyu daga cikinsu sun cancanci ka sa a karanta maka. Na farko yana cewa a zama da'ira a waje, murabba'i a ciki: da kasuwar duniya a yi ciniki yadda kowa ke yi, har da haɗin gwiwa da kamfanonin Japan, a cikin gida kuwa a bi ƙa'idar Mao ba sassauci. Na biyu yabon wawa ne, wato mutumin da ke yi wa jama'a aiki bai tara wa kansa ba. Shi ya sa aka daɗe ana biyan shugabannin ƙauyen yuan (kuɗin Sin) 250 a wata, lambar da a bakin Sinawa take nufin wawa.

Inda za ka zauna ka yi tambaya

Ka biya kuɗin ɗan jagora na ofishin yawon buɗe idon ƙauyen, ka ce kana son shiga gidan wani. Yana cikin abin da suke nuna wa baƙi. Tun 1993 aka fara kwashe mutane zuwa gidajen bene iri ɗaya, masu ɗaki biyu ko uku. Gado, kabad, kujeru, talabijin, na'urar sanyaya ɗaki da ɗumama shi, duk ƙauyen ne ya zuba. Ka gaida matar gidan da "ayi" idan ta manyanta, dattijo kuma "daye", sannan ka roƙi a nuna maka katin da suke karɓar kaya da shi.

A nan ne tsarin yake. Abin da ɗan ƙauye ke samu an kasa shi biyu: kusan kashi 30 cikin ɗari albashi ne a hannu, kashi 70 kuwa a kaya da hidima. Ruwa, wuta, gas, gari, mai, ƙwai, naman biki, kuɗin makaranta tun daga rainon yara har jami'a, kuɗin asibiti, ɗawainiyar aure da ta jana'iza, duk daga asusun jama'a. Ka tuna wannan a ƙasar da, a shekarun 1990, ciwo ɗaya kan iya cinye dukiyar gidan manomi kakaf. Idan tsohuwa ta ce maka ba ta kwana da fargabar kuɗin magani, gaskiyarta take faɗa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ban taɓa fita daga irin wannan gida ba tare da na yi tunanin tsofaffin da na sani ba, waɗanda takardar likita ke kwana a aljihunsu don babu na saye.

To sai ka yi tambaya ta gaba, cikin ladabi: idan mutum ya bar ƙauyen, me zai tafi da shi? Amsar ita ce kayan jikinsa da abin da ya tara daga ɗan albashinsa. Gidan ba nasa ba ne, ba ya sayarwa, ba ya jingina. Ka tambayi kuma maganar taurari. Ƙauyen ya daɗe da tsarin auna kowane gida da taurari goma, kan tsabta, zaman lafiya da maƙwabta, ɗa'ar yara, halartar taro da makamantansu. Gidan da aka cire wa tauraro sai a yanke masa wani abu daga cikin abin da yake samu kyauta, ya koma saye. Wanda abincinsa da wutarsa da makarantar ɗansa ke hannun ofishi ɗaya, ka san yadda zai auna kalmominsa idan baƙo ya tambaye shi ra'ayinsa game da wannan ofishi. Saboda haka kada ka matsa wa mai masaukinka, kada kuma ka ɗauki murmushinsa a matsayin cikakkiyar amsa.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin mun san gandu. Maigida ya ciyar, ya biya haraji, ya yi wa 'ya'ya aure, su kuma su ba shi ƙarfinsu. Amma gandunmu yakan bar wa kowane ɗa gayaunarsa, abin da ya noma a ciki nasa ne. Nanjie gandu ne da babu gayauna, kuma 'yan ƙwadagon da ke cikinsa sun ninka 'yan gida.

Maganar waɗannan 'yan ƙwadago ita ce ya kamata ka ba mafi yawan lokacinka. 'Yan asalin ƙauyen, masu rajistar zama a cikinsa, sun ɗan haura 3,000. Faɗin wurin duka murabba'in kilomita 1.78 ne, gonar kuma ba ta wuce hekta 70 ba, 'yan mutane kaɗan ke noma ta da injuna. Ke nan ba noma ke riƙe da Nanjie ba. Masana'antu ne: taliyar leda irin wadda muke kira indomi, mai tambarin Beijing, wadda kusan kowane ɗan Henan ya tashi yana gurguɗa ɗanyenta, da kayan ƙamshin miya, da fulawa, da giya, da ɗab'i. A 1991 abin da suke samarwa ya kai yuan miliyan 100 a shekara, ƙauye na farko a Henan da ya kai nan. Masu tsayawa gaban injunan kuwa, a lokacin da abin ke kan ganiyarsa, sun haura mutum 10,000 daga wasu ƙauyuka, akasarinsu 'yan mata. Su albashi ake ba su da abinci da wurin kwana na haɗaka. Gidan bene da makarantar yara da asibitin kyauta ba nasu ba ne, sai ƙalilan da suka daɗe aka ba su matsayin ɗan ƙauye na girmamawa.

Don haka idan jagoranka ya gama kai ka inda ake kai baƙi, ka koma kai kaɗai bakin ƙofar masana'antar taliya lokacin sauyin ma'aikata. Ka duba ina suke nufa in sun fito. Ka bi su zuwa titunan Linying da ke waje, inda shaguna da masu soye-soye da masu gyaran waya suke cike. In ka samu mai son hira, tambayoyin da ba za su jefa ta cikin matsala ba su ne: daga wane gari take, awa nawa take yi, ina ɗanta yake karatu. Amsar ta uku ita ce za ta nuna maka iyakar inda daidaiton ya tsaya. A ganina wannan ne babban aibin wurin: riba daga gumin kowa take fitowa, rabo kuma a kan takardar haihuwa ake yinsa.

Maganar bashi

Ba za ka gan ta a bango ba, amma kowa a Linying ya san ta. Bayan manyan shugabannin ƙasa sun fara kai ziyara a farkon shekarun 1990, Nanjie ya zama abin nuni, bankuna kuma, musamman Bankin Manoma na ƙasar, suka buɗe masa ƙofa. A 2008 jaridar Nanfang Dushi Bao ta Guangzhou ta fitar da dogon bincike inda ta ce bashin da ke kan kamfanonin ƙauyen ya haura yuan biliyan 1.5. Ta kuma bayyana cewa a 2004 an yi wa kamfanin rajista da hannayen jari a sunayen shugabanni, Wang Hongbin yana da kashi 9 cikin ɗari. Shi ya ce cika sharaɗin takarda ne kawai, dukiyar tana nan ta jama'a. Akwai kuma kusan yuan miliyan 20 da aka zuba a neman ƙera injin da zai yi ta juyawa har abada ba mai ba wuta, abin da duk ɗalibin kimiyya ya san ba ya yiwuwa. Wang ya amsa wannan kuskuren da bakinsa. Abin da ya dame ni a labarin ya fi kuɗin: a ƙauye mai mutum dubu uku, an rasa wanda zai iya hana shi.

Za ka iya tambayar jagoranka game da bashin, ba laifi ba ne, kuma galibi suna da amsar da suka tanada: an wuce lokacin wahala, kamfanin yana tsaye. Gaskiya ne cewa masu hasashen rushewarsa a 2008 ba su ga abin da suka yi tsammani ba. Taliyar tana shaguna, tsofaffi suna karɓar rabonsu. Ka ji amsar, ka ajiye ta kusa da abin da ka gani a ƙofar masana'anta.

Wasu ƙananan abubuwa. Baƙar fata ba kasafai ake ganinsa a gundumomin Henan ba, za a kalle ka, za a nemi hoto da kai, yawanci ba da mugun nufi ba. Kada ka shiga gardama kan Mao da kowa, dattawan nan ƙaunarsa suke yi har zuci. Idan bizarka ta kasuwanci ce ko ta karatu, kada ka kafa kyamara kana ɗaukar hira kamar ɗan jarida, wannan yana bukatar izini na daban. In an ba ka shayi a gida ka karɓa da hannu biyu. Tsaraba kuwa, kwalin taliyarsu ya isa, amma ka duba alamar qingzhen a jikin leda kafin ka saya.

In kana da sauran kwana ɗaya

Nanjie ya raba gonaki ya dawo ya haɗa. Akwai wurin da bai taɓa rabawa ba, shi ne Zhoujiazhuang a lardin Hebei, wanda ake kira gungun jama'a na ƙarshe a ƙasar. A 1982, lokacin da ake matsa wa kowa ya raba, magidantan wurin suka dangwala yatsa a takarda cewa su a bar su tare, shugabansu Lei Jinhe ya tsaya musu. Har yanzu suna da rukunonin aiki guda goma. Shugaban rukuni ne ke raba aiki, kowane aiki da makinsa, akawu ya rubuta, a ƙarshen shekara a cire na iri da na asusun jama'a a raba saura gwargwadon makin kowa. Ba su da dandali mai ƙyalli irin na Nanjie, kuma wanda yake son fita ya yi sana'ar kansa yana iya fita, ya riƙa biyan wani abu a asusun. Idan tsarin noman haɗaka kake son fahimta, can ya fi amfani gare ka.

Daga Luohe ka hau jirgi mai sauri zuwa Shijiazhuang, layi ɗaya ne, sannan mota zuwa Jinzhou da ke gabas da birnin. Ka tabbatar ka ce Jinzhou ta Hebei, domin akwai wata Jinzhou a lardin Liaoning, can arewa maso gabas, kuma a rubutun boko sunansu ɗaya. In ka isa, ka nemi ofishin ɗaya daga cikin rukunonin, ka roƙi akawu ya nuna maka littafin maki da yadda ake lissafa aikin yini guda.